Daga Tsibiri zuwa Danja: tarihin Kiristocin ƙasar Maraɗi da imaninsu ga ikon ceto

Duk wanda aka ambata wa Madarumfa, abu biyu ne ke fara zuwa masa a rai: tabkin nan da ke kudu da Maraɗi, da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda gwamnatin Nijar ta miƙa wa UNESCO sunansu a 2006 don neman a sanya su cikin kayan tarihin duniya. Ƙasa ce ta Musulmi tun kaka da kakanni. Amma a cikin wannan gunduma, kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Ɗan Isa ta shiga Jibiya, akwai garin Danja, inda ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin Kirista na Nijar yake tun 1956. Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, sai dai galibin Hausawan da ke cikinsu, in aka bi salsalarsu, a wannan kwari na Gulbin Maraɗi za a tsaya. Tarihinsu tarihi ne na imani guda: cewa Allah yana da ikon fid da mutum daga zunubi, ya kuma tsare shi daga mugunta. 'Yan mishan sun fi ƙarfafa kashin farko, mutanen ƙasa kuwa na biyun ya fi damunsu, kuma an yi kusan shekara ɗari ana neman yadda za a haɗa su.

Ƙasar da suka tarar

Bayan da mutanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe da mabiyansu suka yi arewa. Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsina a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri kusa da 'yan uwansu. Garuruwan nan biyu na Musulmi ne, da malamai da masallatai, amma sun riƙe al'adun da masu jihadi suka yaƙa. A fadar Maraɗi akwai Iya, a ta Gobir akwai Inna, kowacce ita ce uwar 'yan bori a ƙasarta. A ƙauyukan kwarin kuma akwai Anna, manoma da mafarauta da masunta masu yanka ga iskokin gidajensu, masu buɗin daji a farkon shekara.

Mutumin wancan zamani bai ɗauki mugunta a matsayin abin da ke can nesa ba. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, a ce maye ya kama kurwarsa. Mace ta yi ɓari sau uku, a ce Doguwa ce. Kasuwa ta karye, a ce sammu ne. Kowace matsala kuma da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa: malam ya yi rubutu a sha ko ya ɗinke laya, boka ya ba da saiwa da turare, 'yan bori su yi girka a sasanta da iskar da ta kama mutum. Ba wanda ke musun cewa Allah ne mai kowa mai komai. Abin da ake tambaya kullum shi ne: ta wace hanya kariyarsa za ta iso gidana a daren nan?

Zuwan 'yan mishan

A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato duk faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, kuma sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda aka sani da SIM, ta samu gindin zama a Pategi. Turawan Ingila sun yi wa sarakunan Arewa alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka daɗe ana hana 'yan mishan zama a manyan biranen Musulmi. Ƙasar Hausa ta ɓangaren Faransa ta zama musu wata ƙofa. Suka buɗe tasha a Damagaram a 1924, sannan a ƙarshen shekarun 1920 David Osborne ya zauna a Tsibiri.

Zaɓen Tsibiri ba da ka aka yi shi ba. 'Yan mishan sun yi zaton inda aka ƙi jihadi, kuma ake da Anna da yawa, nan ne wa'azinsu zai fi shiga. Sun kuma zo da makami mai ƙarfi: a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya jagoranta. Da Hausa suke wa'azi, da Hausa suke waƙa, da Hausa suke koya wa mutane karatu. Hukumar Faransa ba ta sake da su ba, domin baƙi ne masu Ingilishi, daga Amurka da Kanada da wasu ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. A lokacin mulkin Vichy a Faransa, bayan 1940, an sa musu ido sosai ana zarginsu da leƙen asiri.

Wa'azin da aka kawo da tambayar da ake yi

Koyarwar SIM a fili take. Tun da Adamu da Hawwa'u suka saɓa wa Allah, in ji su, kowane ɗan Adam da halin zunubi ake haifuwarsa, kuma ba aikin lada da zai iya biyan wannan bashi. Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye a madadin masu zunubi, ya tashi a rana ta uku, duk wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi an gafarta masa, ya sami sabon rai. Wannan shi ne ginshiƙin da Kiristocin bishara suka tsaya a kai har gobe.

Ga malaman Tsibiri da Maraɗi maganar ba ta karɓuwa. Musulunci ya koyar da cewa Annabi Adamu ya tuba an gafarta masa, ba mai ɗaukar nauyin wani, kuma Annabi Isa, alaihis salam, ba a gicciye shi ba. Suna sauraron baƙon cikin ladabi, su yaba halinsa, su koma kan buzunsu. Anna kuwa ba bashin Adamu ne ke hana su barci ba. In manomi ya bar yanka ga iskar gidansu, wa zai tare masa fushinta? In ya tsinke layar da ke wuyan ɗansa, me zai rataya masa?

Yawancin 'yan mishan na farko ba su da amsar da ta gamsar. Sun yarda akwai Shaiɗan da aljanu, tun da Linjila cike take da labaran Yesu yana fitar da su daga jikin mutane. Amma sun taso a ƙasashen da aka ɗauki maita da sammu a matsayin camfi, kuma cocinsu ba ta saba da warkarwa ta addu'a a bainar jama'a ba. Abin da suka iya shi ne hani: sabon mai bi ya ƙone layu da kayan tsafi, ya bar giya, ya bar kiɗa da rawa, ya tsaya ga mace ɗaya kafin a yi masa baftisma. Wani ɗan mishan da ya yi aiki a Indiya, Paul Hiebert, ya rubuta a 1982 cewa Turawa suna da bayani kan Allah a sama, suna da kimiyya a ƙasa, amma sun bar tsakiya fanko, wato duniyar iskoki da mayu inda talaka yake fafutukarsa ta yau da kullum. Abin da ya faɗa ya dace da ƙasar Maraɗi. Shi ya sa shekaru suka yi ta shuɗewa masu bi ba su wuce 'yan tsiraru ba, kuma wanda ya shiga yakan biya da tsada: a raba shi da matarsa, a hana shi gado, a daina cin abinci da shi a akushi ɗaya.

Danja

Inda wa'azin kasuwa ya gaza, ɗakin magani ya yi tasiri. Tun 1937 sarakunan Arewacin Nijeriya suka yarda SIM ta riƙe asibitocin kutare, aka samu Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A Nijar, Dakta Burt Long ya buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan aka buɗe na kutare a Danja a 1956.

Sai an tuna matsayin kuturu a wancan lokaci za a gane nauyin wannan aiki. Cuta ce da ke cin jijiyoyi a hankali har mutum ya daina jin zafi a hannu da ƙafa, ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ci yatsu. Jama'a ba su kore shi gaba ɗaya ba, har sarkin kutare ake naɗawa, amma rabonsa bara, kuma da wuya a ba shi aure sai a cikin 'yan uwansa. Wasu na ganin cutar gado ce, wasu na cewa sakayyar rantsuwar ƙarya ce, a bori ma akwai iska mai suna Kuturu. Likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar tun 1873, amma maganin kirki bai samu ba sai a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da aka gwada ƙwayar dafson a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, aka ga tana aiki. Danja ta buɗe ne daidai lokacin da aka fara iya cewa kuturta tana warkewa.

Majinyaci kan yi shekaru a wurin, domin maganin na dogon zango ne. Yana noma, yana koyon karatu, yana jin addu'a kowace safiya kafin rabon ƙwaya. Yana kuma jin labarin da ya shafe shi kai tsaye: Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu ya warkar da shi. Labarin ba baƙo ba ne ga Musulmi, tun da Alƙur'ani ma ya ambaci Annabi Isa yana warkar da makaho da kuturu da izinin Allah. Ga mutumin da danginsa suke ƙyamar kwanonsa, ganin baƙuwa ta durƙusa tana wanke masa miki ya fi dogon bayani kan zunubin Adamu shiga zuciya. Akasarin waɗanda suka warke sun koma gida da Musuluncinsu. Wasu kuma suka karɓi baftisma, suka zauna a kewayen asibitin, suka yi aure a junansu, 'ya'yansu suka shiga makarantun mishan. Daga irin waɗannan gidaje, da na yaran makarantar mishan ta Tsibiri da gonar koyon noma ta Maza Tsaye, aka samu fastoci da malaman asibiti da malaman makaranta na farko.

Akwai masu sukar wannan hanya, kuma sukarsu tana da tushe: mai ciwo ba ya cikin halin yin gardama da mai ba shi magani. Amma waɗanda suka tuba a Danja ba haka suke ba da labarin ba. A shaidarsu, Allah ne ya cece su sau biyu, jiki da rai, kuma ba su ga dalilin raba ɗaya da ɗaya ba.

Aikin bai tsaya ga kuturta ba. Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna a farkon shekarun 1980, jinya ta ragu zuwa watanni, asibitin ya koma karɓar kowane irin majinyaci. A 2012 aka buɗe sashen mata masu yoyon fitsari, waɗanda su ma ciwo ya raba da miji da dangi. A fagen noma kuma, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya zo Maraɗi a 1981 ƙarƙashin SIM, ya lura a 1983 cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, in aka rage musu tofo aka bar ɗaya ko biyu sai su koma itatuwa. Shi da kansa yana cewa amsar addu'a ce ya samu bayan ya fid da rai da dashen itace. Yunwar 1984 ta sa manoma suka gwada, dabarar ta bazu da sunan sassaben zamani, har aka ƙiyasta ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar.

Ikilisiya a hannun 'yan ƙasa

Da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka haɗu ƙarƙashin ƙungiya ɗaya mai suna EERN, da shugabanni 'yan ƙasa. Dangantaka da mishan ba ta rasa tsami ba. Babban ƙorafin masu bi shi ne an koya musu karatun Hausa don su karanta Littafi, amma an yi sakaci da Faransanci, harshen da ake samun aikin gwamnati da shi. Wajen 1990 saɓani kan shugabanci da dukiya ya raba ikilisiyar gida uku.

A ƙarƙashin wannan hayaniya wani sauyi yana tafiya a hankali. Fasto Bahaushe ya san abin da ke sa mace ta je gidan boka da dare ko da tana zuwa sujada ranar Lahadi. In aka ce aljani ya buge yarinya, ba ya cewa camfi ne: yakan tara dattawan ikilisiya a yi azumi, a karanta Zabura, a yi addu'a da sunan Yesu. Addu'ar da kowane Kirista ya haddace tun yana yaro, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, tana haɗa roƙon gafarar zunubi da roƙon tsari daga Mugun a wuri ɗaya, kuma masu bi na ƙauye sun ɗauki kashi na biyun da gaske kamar na farko. Zumuntar mata ta dawo da kiɗan tulu da caki cikin sujada, da waƙoƙin da matan suka tsara da kansu kan haihuwa da ciwo da maƙiya. Shirin Sabon Rai Don Kowa, da ya taso a Arewacin Nijeriya a shekarun 1960, ya koya wa talakawan masu bi su fita wa'azi da bakinsu, ba sai sun jira Bature ba.

Zuwan 'yan Fentikos

Cocin Fentikos, wanda ake danganta bunƙasarsa da taron titin Azusa a Los Anjalis a 1906, ya ginu ne kan cewa abin da Ruhu Mai Tsarki ya yi a zamanin manzanni yana yinsa yau: warkarwa, da annabci, da fitar da aljanu. A Nijeriya ya yi ƙarfi daga shekarun 1970 ta hannun irin su Benson Idahosa na birnin Benin. Bayan Taron Ƙasa na 1991 Nijar ta sakar wa ƙungiyoyin addini mara, aka kuma buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu. Ta iyakar Ɗan Isa 'yan kasuwa da masu wa'azi suka yi ta shigowa. A Maraɗi cocin Vie Abondante ya yi suna da wa'azin rediyo da Hausa da taron addu'ar warkarwa.

Waɗannan ba su yi wa tambayar manomin nan kwana ba. Maita gaskiya ce, in ji su, sammu gaskiya ne, iskokin bori aljanu ne, amma akwai sunan da ya fi su ƙarfi. Ana kwana ana addu'a, ana ɗora wa marar lafiya hannu, ana umartar aljani ya fita, wanda ya samu sauƙi ya tashi ya ba da shaida. Tsofaffin ikilisiyoyi sun yi ta gargaɗi cewa an mai da fasto boka, an manta da tuba ana bin mu'ujiza, an kuma sa mutane zargin 'yan uwansu da maita. Duk da haka matasansu da yawa sun koma can, su ma dole suka ƙara wa addu'ar marasa lafiya muhimmanci.

Abin lura shi ne a daidai wannan lokaci Musulmin Maraɗi ma suna cikin irin wannan muhawara. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta shigo da ƙarfi tana yaƙar bori da layu da neman tabarruki a kaburbura, masu ruƙiyya kuma suka yawaita suna karanta wa masu aljanu ayoyi. Ɓangarorin biyu, duk da nisan aƙidarsu, sun haɗu kan cewa ba a sasantawa da iska kamar yadda 'yan bori ke yi, korarta ake yi da ikon Allah. Wanda ya fi kowa asara a wannan zamani shi ne mai garaya da 'yar bori.

Shekarun wuta

Fitowa fili ta zo da nata farashin. A watan Nuwamba na 2000 zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi. Aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren 'yan bori, aka sa wa cocin Vie Abondante wuta, aka kai hari harabar SIM. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. A Yunin 2019 aka sake ƙone wata majami'a a unguwar Zariya ta Maraɗi bayan an kama wani limami. Shugabannin Kirista sun fito sun ce sun yafe, kuma a wurare da yawa maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Ga masu bi, yafewar ma wani ɓangare ne na imanin nan: suna cewa muguntar da ake roƙon tsari daga gare ta ba a waje kaɗai take ba, har da ƙiyayyar da ke iya tsira a zuciyar wanda aka zalunta.

In aka auna da burin da Bingham da Osborne suka zo da shi, ƙasar Maraɗi ba ta zama ta Kirista ba, kuma ba alamar za ta zama. Abin da ya tabbata shi ne wata ƙaramar al'umma ta Hausawa, yanzu a tsatso na uku da na huɗu, wadda ta karɓi koyarwar gafarar zunubi daga baƙi, ta ƙara mata abin da baƙin suka kasa bayarwa, wato amsa ga tsoron dare da ciwo da maƙiyi. Musulmi ba zai yarda da aƙidarsu ba, su ma ba su yarda da tasa ba, kuma ba a bukatar kowa ya yi munafunci a kan haka. Amma mafi yawan waɗanda ke kwance a gadajen Danja yau Musulmi ne, kuma yanzu da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Gabi da Safo da bakin dajin Baban Rafi, ba sa tambayar addinin mutum kafin su kore masa shanu. Ya kamata malamai da fastocin gundumar Madarumfa su koya wa matasansu wannan tarihi yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa, domin wanda ya san yadda maƙwabcinsa ya zo inda yake ba ya saurin ɗaukar masa ashana.